Kwali da reza tukuna, kwamfuta daga baya

A ɗan ofishinmu na zanen gine-gine akwai dokar da yaran da ke zuwa koyon aiki ba sa so ko kaɗan, wato ba mai buɗe manhajar zanen gini a kwamfuta, Revit ko SketchUp, a kan sabon aiki sai ya fara yanka kwali. Su gani suke ɓata lokaci ne, ni kuma abin da na lura kowane kayan aiki akwai inda yake jan hannunka ba tare da ka ankara ba. Fensir da takarda mai shara-shara suna barinka ka yi ta kwaɓa, ka ɗora wata a kai ka sake jan layi, ba ka jin ka yi asara. Kwamfuta kuwa daga ka ja bango ta ba shi kauri da tsayi kamar an gama magana, alhali ko ina ƙofa za ta kalla ba ka yanke ba, sai ka tarar da yaro yana zaɓen kalar tayil gini bai ma tsaya da ƙafarsa ba.

Samfurin kwali mukan yi shi a sikelin 1:100, santimita ɗaya mita ɗaya kenan. In an manna da gam sai a kashe fitila, a kunna tocilan waya a riƙa tafiya da ita daga gabas zuwa yamma kamar rana, ka durƙusa ka leƙa ta taga. Anan ne za ka ga lungun da ya yi kyau a fulan ashe duhu ne ɗungurum, ko rufin baranda ya tare hasken falo. Waɗanda suka ba mu aikin ma haka, ka nuna musu hoton 3D mai sheƙi sai su ce ya yi su yi shiru, amma ka miƙa musu kwali yanzu za su ɗage rufin su sa yatsa su ce wannan ɗakin ya matse.

Ba mu muka fara ba fa. Gaudí, mai zanen gine-gine ɗan Sifen, da zai zana cocin Colònia Güell kusa da Barcelona igiyoyi ya rataye da 'yan jakunkuna masu nauyi, ya yi wajen shekara goma yana gyara su, a ɗauki hoto a juya shi ƙasa ta koma sama, lanƙwasar da igiya ta yi da kanta ita ce bakan da zai ɗauki nauyin gini. Frank Gehry ma, wani mashahurin mai zanen gine-gine, da hannu ya riƙa fara samfuri, daga baya a shigar da shi CATIA, manhajar da kamfanin Dassault na Faransa ya yi don ƙera jiragen sama, da ita aka fitar da gidan tarihin Guggenheim na Bilbao da aka buɗe a 1997.

To amma yin abu kaɗai bai isa ba sai an koma an dube shi da sanyin ido. Donald Schön na jami'ar MIT ya yi bayanin haka tun 1983, cewa mai zane yakan yi motsi aikin ya mayar masa da amsa. Mu dai mukan lika zanen a bango ya kwana, da safe kowa ya faɗi abin da ya gani, wanda ya zana kuma bakinsa alekum har a gama. Matsalar kawai wannan kwanan ba mai biyanka kuɗinsa, kuma ƙaramin ofis albashi na jiransa ƙarshen wata, shi ya sa in aiki na gaggawa ne mukan rage samfurin zuwa 1:200 mu yi shi da yamma ɗaya.