Karen ruwa da fadamar gishiri a Elkhorn Slough

Da Kawu ya zo ganinmu Kalifoniya, yara sun so a kai shi San Francisco ya ga gada da dogayen benaye. Ni kuwa na san mutumina. Ya tsufa yana noman shinkafa da kamun kifi a fadamar Nguru, bene ba ya burge shi. Sai na ɗauke shi muka bi hanyar bakin teku zuwa Moss Landing, ɗan garin masunta da ke tsakanin Santa Cruz da Monterey, inda wata mashigar ruwa mai suna Elkhorn Slough ta kutsa cikin ƙasa kimanin kilomita 11.

Tun 1979 gwamnatin Amurka ta keɓe wani yanki na wurin don bincike da kariya. Kafin a bar ka ka shiga hanyoyin ƙafa, sai ka goge takalminka da magani, saboda wata cuta da ke kashe itatuwan yankin, wadda ake ɗauko ta a tafin takalmi. Kawu ya goge nasa yana dariya, ya ce bai taɓa ganin dajin da ake yi wa alwala ba.

Mun tarar ruwa ya janye. Taɓo ne shimfiɗe baƙi ƙirin, ga wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ga zalɓe da ƙananan tsuntsaye masu dogon baki suna ta caccakar laka. An ƙirga tsuntsaye sama da iri 340 a nan, da yawansu matafiya ne da ke yada zango a hanyarsu tsakanin Alaska da Kudancin Amurka. Sau biyu a rana teku ke turo ruwa ya cika wurin, sau biyu ya kwashe abinsa. Wannan ne ya fara ɗaure wa Kawu kai, don shi a saninsa ruwa da damina yake zuwa, ya tafi da rani.

Ciyawar da ta rufe bakin ruwan gajeruwa ce, gaɓa-gaɓa, ba ganye. Ruwan gishirin da zai kashe shinkafa cikin kwanaki shi take sha. Tana tura gishirin zuwa kan gaɓoɓinta, in kaka ta yi su yi ja su karye su faɗi. Amma ita ma tana da iyaka: in ta daɗe a nutse, mutuwa take yi.

A nan labarin wurin yake. Mai kallo zai zaci haka Allah ya bar shi tun fil azal, alhali hannun mutum ya taɓa ko'ina. Tun 1872 aka ratsa layin dogo ta tsakiyar fadamar, har yau jirgi na wucewa. Manoma suka yi ta tare ruwa suna busar da fili don kiwon shanu, ƙasar ta lotsa. Sannan a 1947 aka fasa tudun yashi aka buɗe wa tashar jiragen ruwa ta Moss Landing baki kai tsaye zuwa teku. Daga ranar ruwa ya riƙa shiga da fita da ƙarfin da bai saba ba, yana zaizaye gaɓa. Kusan rabin fadamar gishirin ya salwanta cikin shekara 150.

Ina fassara wa Kawu wannan bayani sai ya tsaya. Ya ce, "Ɗana, ai labarinmu ne. Da aka yi dam ɗin Tiga da na Challawa, ruwa ya daina zuwa yadda muka san shi, kachalla ta toshe mana hanyoyi. Su ruwa ne ya yi musu yawa, mu kuma ya rikice mana." Ban ƙara masa komai ba, don ya fi ni sanin abin.

Abin da na kawo shi ya gani dai karen ruwa ne, na teku. Mun hango su kwance rigingine a kan ruwa, wani ya ɗora ƙaguwa a ƙirji yana ɓarzawa. 'Yan kasuwar fata sun kusa ƙarar da su a ƙarni na 19, har aka zaci sun ƙare a Kalifoniya, sai a 1938 aka ga wani ɗan garke a gaɓar Big Sur. A shekarun 1980 suka dawo wannan mashiga, daga baya gidan adana halittun ruwa na Monterey ya riƙa sako marayun da ya raina a nan. Dabbar ba ta da kitsen da zai kare ta daga sanyi, gashi kawai, don haka kullum sai ta ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta.

Wannan cin nasa ne ya yi aiki. Gonakin da ke kewaye suna zubo takin zamani cikin ruwan, gansakuka ta yi yawa ta lulluɓe ciyawar ƙarƙashin ruwa. Akwai wasu 'yan halittu dangin dodon koɗi da ke lashe gansakukar, amma ƙaguwa ta cinye su. Da karen ruwa ya rage ƙaguwa, suka yawaita, ciyawa ta farfaɗo. An wallafa wannan binciken a 2013. Wani kuma na 2024 ya nuna zaizayar gaɓa ta ragu inda karnukan suka yi yawa, don suna cin ƙaguwar da ke haƙa rami tana cin saiwoyi.

Ni dai ba na son yadda ake ba da labarin kamar dabba ta gyara komai. Taki bai daina zubowa ba, bakin tashar yana nan a buɗe, teku kuma ƙaruwa yake. A wani sashe da ake kira Hester Marsh, tun 2018 sai da aka kawo ƙasa da manyan motoci aka ɗaga filin, sannan ciyawa ta samu wurin tsayawa. Kuɗi ne masu yawa, kuma ɗan yanki ne.

Kawu ya tambayi mai jagora ko ana cin naman karen ruwa. Na fassara, ta zaro ido ta ce doka ta hana ko matsawa kusa da shi. Ya ce to madalla, amma a tambayar masa ita su wa ke biyan masuntan da ake cinye wa ƙaguwa. Ta ce an hana su kamun ƙaguwa ne a cikin yankin da aka keɓe, a waje kuwa gardama ce da har yanzu ake yi.