Rumfar bayan a-kori-kura da gilashin bayan direba

Duk wanda ya kawo mana a-kori-kura yana son a yi mata rumfa, kafin in ɗauko tef sai na leƙa gilashin da ke bayan kujera. Idan a kafe yake, kamar na yawancin Hilux ɗin da ke yawo a Kaduna, aikin da sauƙi. Idan kuwa mai zugewa ne, irin wanda ke zuwa da motocin Amurka, su Tacoma da Frontier da F-150 da ake shigo da su ta Legas ko Kwatano, to sai mun zauna da mai motar mun yi magana tukuna. Wasu Tundra masu ƙofa huɗu ma gilashin bayan ne dukkansa ke sauka ƙasa da lantarki. Tambayar da nake yi ɗaya ce: Alhaji, wannan tagar kana amfani da ita, ko kuwa ka yafe ta?

Da yawa ba su taɓa tunanin abin ba. Mutum ya saba zuge tagar ya sha iska, ya yi wa yaron mota magana, ko ya zura dogon bututu ta ciki idan bodi ya kasa ɗauka. Ranar da aka ɗora rumfa, sai ga bango ya tsaya a bayan gilashin, tazarar da ba ta kai tafin hannu ba. Idan wanda ya yi rumfar ya toshe gabanta da kwano, shi ke nan, taga ta mutu. Za ta zuge, amma kwano za ka gani, kuma madubin tsakiya ya zama ado.

Wannan 'yar tazarar da ke tsakanin kan mota, wato sashen da direba ke zama, da rumfa, a nan nake gane aikin gwani da na ɗan koyo. Maigidan da na koyi sana'a a hannunsa a Panteka, Allah ya jiƙansa, ya soma ne da lanƙwasa ƙarafan tamfol na Peugeot 404 da 504, zamanin da kamfanin da ke Kakuri, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya cika Arewa da su. Tamfol ba ya faɗa da kowa, duk inda mota ta murɗa zai bi. Da aka koma rumfar ƙarfe sai lissafi ya canja. Wata rana aka kawo wata tsohuwar Hilux, ya ɗauki alli ya ja layi ɗaya daga bayan kan motar zuwa bakin bodi, ya ce in hau baya in zuba wa layin ido. Ya ja motar ya sauka daga kwalta ya shiga gargada. Ina kallo layin nan ya rabu biyu, wannan ya yi sama wancan ya yi ƙasa, su haɗu su sake rabuwa. Da muka dawo ya ce, "Me ka gani?" Na ce, "Baba, motar motsi biyu take yi." Ya ce, "To kai daban, bodi daban, shasi ne kawai ya goya su. Duk abin da ka ɗora a kan bodi, bodi zai bi. Kar ka yarda ya taɓa kai."

Shi ya sa har yau muke barin kamar inci ɗaya tsakanin rumfa da kan mota, mu ƙara kaɗan idan motar daji za ta riƙa shiga da kaya masu nauyi. Masu kwaikwayon aikinmu ba su san wannan ba, ko sun sani ba su damu ba. Sai su manna rumfa da jikin kai wai don ta yi kyau a ido. Wata biyu a hanyar ƙauye, fenti ya goge, tsatsa ta kama, ƙara kuma ta hana direba sakat. Na ga wadda aka kawo mana firam ɗin rumfar ya riƙa dukan gefen gilashin baya har ya tarwatsa shi. Na ga kuma wadda aka yi wa walda kai tsaye da rufin kai. Wannan ba ƙaramin ganganci ba ne, domin ko waldar ta tsage ko rufin ya yage, ɗaya dole.

To amma barin tazara yana da nasa ciwon kan. Ƙura da ruwa suna shiga tsakanin gilasai biyu, hannu kuwa ba ya shiga. Da hunturu, kwana kaɗan gilasan sun yi fari fat. Da damina ruwan da ke gangarowa daga rufi ya jiƙa ƙurar ta zama laka, ta bushe a wurin. Abin da ya fi damuna shi ne layin da gilashi mai zugewa yake gudu a kai. A ƙasansa akwai 'yan ƙananan ramuka da aka yi don ruwa ya tsiyaye waje. Idan laka ta toshe su, ruwa zai taru ya malalo ciki, ya bi bayan kujera ya jiƙa kafet, mai mota ya yi ta neman inda yoyo yake bai gani ba. Gilashin kuma ya fara cijewa, a ja shi da ƙarfi, maƙallin ya karye.

Maganin da muke yi shi ne tagar gaban rumfa ta zama mai kwantowa. Muna sa mata hinji a ƙasa da maƙalli biyu a sama, sai ka shiga bodi ka ɓalle, firam ɗin gaba ɗaya ya kwanto ciki, ga gilashin motarka a fili ka wanke, ka tsokale ramukan da tsinke. A cikin firam ɗin kuma muna sa namu gilashi mai zugewa, wanda muke aunawa ya yi daidai da ƙofar na motar. Wannan awon shi ke cin lokaci. Ƙofar tagar Tacoma ba ɗaya take da ta F-150 ba, kuma ko a Tacoma ɗin, tsohon yayi da sabo sun bambanta. Kuskuren inci biyu ya isa ya sa ka zuge taga ka tarar da ƙarfen firam a tsakiyar hanya. Ni da kaina nake yin wannan awon, ba na bar wa yara, sai wanda ya daɗe a hannuna kuma ina tsaye a kansa. Muna yanka kwali daidai girman tagar, mu gwada a jikin motar, mu sake gwadawa bayan an ɗora rumfa an ɗaure, kafin a taɓa alminiyam.

Akwai masu son a haɗe tagogin biyu da roba mai naɗi, yadda ba ƙura ba ruwa tsakani, ka miƙa hannu daga kujera ka ɗauko jaka a baya. Muna yi, kuma idan robar ta kirki ce abin sha'awa ne. Samun robar ce wahala. Wani dila da muka daɗe muna saye a wurinsa ya kawo mana samfuri mai laushi, muka biya kuɗi, da kaya suka iso sai ga wata busasshiyar roba wadda rana ɗaya ta watan Afrilu za ta tsattsaga. Na kira shi, wai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne! Robar da za ta zauna tsakanin abubuwa biyu masu motsi, cikin zafi da ƙura, dole ta miƙe ta dawo ba ta gaji ba. Na mayar masa da kayansa. Ko mai kyan ma, ina gaya wa mai mota gaskiya cewa yashi yana maƙalewa a ƙarƙashinta ya riƙa cin fenti, don haka muna liƙa leda mai kauri a inda za ta taɓa jikin kai.

Maganar da ba na bari kowa ya fita shagona bai ji ta ba ita ce ta hayaƙi. Mota idan tana gudu, iskar da ta ratsa tana barin wani gurbi a bayanta mai zuƙo abin da ke kusa, kuma a nan salansa take fitar da hayaƙi. Murfin bayan a-kori-kura ba a yi shi don ya toshe iska ba, akwai kafa a gefensa da ƙasansa. Da babu rumfa, duk abin da ya shigo iska ta kwashe. Da aka rufe, sai ya taru a ciki. Wannan ne dalilin da za ka ɗauko kaya a rufe daga Zariya ka iso ka tarar da jar ƙura ta lulluɓe su, ka rasa ta ina ta shiga. Inda ƙura ta bi, nan hayaƙi ke bi. Yanzu sai direba ya zuge tagar baya, ya kuma sauke gilashin gefensa kaɗan. Iskar da ke wucewa ta gefen tana jan ta cikin mota waje, cikin mota kuma ya jawo ta cikin rumfa ya cike gurbin. Ba ka ankara ba hayaƙin salansarka ya zagayo ya same ka a kan sitiyari. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai wadda ke cikin hayaƙin janareta da muke jin ya hallaka mutane a ɗaki a rufe. Alamarta ciwon kai da jiri da barci, direba kuwa sai ya ɗauka gajiyar hanya ce. Motocin Amurkan nan yawancinsu fetur suke sha, kuma injin fetur ya fi na dizal fitar da wannan guba.

Saboda haka rumfarmu ba ta fita sai mun bi murfin baya da roba ta gefe da ƙasa, mun toshe ramukan kusurwar bodi, sannan mun sa 'yar mashigar iska a saman rumfa mai fuskantar gaba. Idan mota na tafiya, ita ke tura iska mai tsabta ciki, iskar ciki ta fi ta waje ƙarfi, sai ƙura da hayaƙi su rasa hanyar shiga. Muna kuma kwanciya a ƙarƙashin motar mu duba salansa ko ta huje, duk da ba aikinmu ba ne. Kuma ina roƙon kowa, don Allah kar a zuba yara a cikin rumfa a rufe a yi doguwar tafiya, kar kuma a kwana ciki inji na aiki. Masu tunanin sanyin na'urar cikin mota zai ratsa ta 'yar tagar nan ya sanyaya baya, ba zai kai ba. Zafin bayan ne ma zai shigo musu.

Ganin baya kuwa dole ya ragu, wannan ba na ɓoye wa kowa. Da gilashi ɗaya kake kallo, yanzu uku ne a jere: na mota, na gaban rumfa, da na ƙofarta. Idan duka ukun masu duhu ne, da dare ba abin da za ka gani sai ƙyallin fitilu. Shawarata a bar na gaban rumfa fari. Fitilar birki ta saman kai ma rumfa tana rufe ta, don haka muna sa wata a saman ƙofar baya mu ja mata waya.

Sai maganar gilashin kansa, wadda a kanta muke yawan samun saɓani da masu ciniki. Mutum zai zagaya rumfa ya shafa ya yaba, da ya ji kuɗi sai ya ce, "Haba Oga, a can layin baya rabin wannan aka ce min." Nakan ce, "Alhaji, Allah ya ja kwana, koma ka duba kusurwar gilashinsu ko akwai hatimi." Tagar gida suke sayowa, ta alminiyam ɗin ɗaki, su ɗaura a mota. Gilashin gida idan ya fashe tsini-tsini yake yi kamar wuƙa, kuma ga shi daidai ƙeyar wanda ke zaune a kujerar baya. Namu gasasshe ne, irin na gefen mota, wanda idan ya fashe yake zuba ƙanana-ƙanana. Ba a yanka shi bayan an gasa, sai dai mu aika da awo a yanka a gasa a kawo mana, shi ya sa aikinmu ke ɗaukar kwanaki, shi ya sa kuma awon ba ya son kuskure. Ga masu ɗaukar buhuna ko tukwanen gas ko injin ban-ruwa, muna ƙara ragar ƙarfe ta ciki wadda ake cirewa, don idan aka taka birki da ƙarfi kaya ba su daki gilasan biyu ba. Maƙallin tagar rumfa kuma daga ciki yake kullewa da ƙarfe, ba roba ba, domin ɓarawon da ya samu shiga bodi, tagar bayan direba ce hanyarsa ta zuwa cikin mota.

Ba ma huda bakin bodi idan akwai yadda za a yi. Da matsi muke kama rumfa, masu noti, yadda ranar da gilashin baya ya buƙaci canji mutum huɗu za su kwance su ɗaga ta gefe, mai gilashi ya yi aikinsa, a mayar. Waɗanda suka bi ta da walda sai an kira mai yankan ƙarfe.

Wanda ke son aiki ya zo da motar kanta. Ba ma karɓar awo ta waya, ba ma aiki da hoton WhatsApp. Ya zo kuma da irin kayan da ya saba ɗauka a ransa, da hanyar da ya fi bi, domin tazarar da za mu bar wa motar da ke tsakanin Kaduna da Abuja ba ita za mu bar wa mai shiga gona da damina ba.