Ɗanyar citta daga Kachia zuwa Rotadam

Da busasshiyar citta na fara kasuwanci. Ita ba ta da rigima: a tsaga, a shanya, a ɗura a buhu, ko wata nawa za ta yi a hanya lafiya lau za ta isa muddin ruwa bai taɓa ta ba. Shi ya sa mafi yawan cittar da ke fita waje daga Kachia, Kagarko, Kwoi da Kafanchan busasshiya ce. Ranar da wani mai saye a ƙasar Holan ya ce ɗanya yake so, wankakkiya, cikin kwali, kuma ta jirgin ruwa domin kuɗin jirgin sama zai lashe ribar, ranar na shiga wata sana'a daban, ko da yake kayan bai canza ba.

Duk wanda na yi wa maganar, tsoron teku yake fara nuna min. Abin da na gani kuwa, teku ya fi ko'ina aminci. A cikin jirgi kwantena tana jone da wuta dare da rana, akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne duba ta. Inda kaya ke lalacewa shi ne tsakanin gona da tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, a hannunmu.

Kwantena mai sanyi ba a yi ta don ta sanyaya kaya mai zafi ba. Aikinta ta riƙe sanyin da kaya ya shigo da shi. In ka loda tan 20 na citta da ta wuni a rana, injin zai yi ta fama kwana da kwanaki, kwalayen tsakiya kuma suna can suna gumi. Ɗanyar citta digiri 13 take so. Ta sauka ƙasa da 12, sanyi ya yi mata illa, ta yi laushi, cikinta ya sauya launi. Ta haura sosai, sai tsiro da fumfuna. Kuma tana da rai, tana numfashi, don haka ana barin 'yar tagar iska ta kwantenar a buɗe gwargwadon yadda aka rubuta. Daskararren kaya irin kifi da nama nasa akasin haka ne: digiri 18 ƙasa da sifili, taga a rufe ruf. Wanda ya ce zai haɗa su a kwantena ɗaya don rage kuɗi, duka biyun zai rasa.

Aikin yana farawa tun wajen zaɓe. Wani dattijon manomi a wajen Kachia ne ya koya min. Ya ɗauki tafin giwa guda, wato mai faɗin nan mai ruwan ɗorawa, ya goga babban yatsansa a jikinta, fatar ta saɓule. Ya ce, "Ɗana, wannan ba ta ƙosa ba. Ko Legas ba za ta kai ba, balle ƙasar Turawa." Ya ɗauko wata, ya goga, fatar ta tsaya, ya karya ta ƙas, ƙamshi ya bugo mu. Na ce, "Baba, irin wannan kaɗai nake so." Masu sayen ɗanya tafin giwa suka fi nema saboda girmanta, yatsun biri kuwa ta fi yaji amma sirara ce. Bayan wanki sai a baza ta a inuwa ta sha iska, ciwukan da fartanya ta ji mata su warke. Hunturu yana taimaka mana sosai a nan, tunda lokacin haƙarta ke nan. Tun bayan annobar da ta cinye gonakin citta a Kudancin Kaduna a 2023, ba na yarda a rufe kwali sai an juya kowace ɗaya an duba. Ruɓaɓɓiya guda ta isa ta ɓata kwali, kwalin kuma ya shafa wa na kusa da shi.

Lodi ma da ƙa'idarsa. Iska mai sanyi daga ƙasan kwantenar take fitowa, ta bi ramukan daɓen ƙarfen, ta ratsa kaya zuwa sama, sannan ta koma injin. Don haka hudojin kwali dole su dace da juna, kada a bar fili a ƙasa inda iska za ta sulale ba ta shiga kaya ba, kuma kada lodi ya wuce jan layin da ke jikin bango. Katakon da ake jera kwalaye a kai sai wanda aka gasa aka buga masa tambari. Kada kuma a bar inji yana aiki ƙofa a buɗe, raɓa ce za ta taru ta ɗiga a kan kwali.

Sai hanya, kuma a nan na ji jiki. Daga Kaduna zuwa Legas ta Mokwa, Jebba da Ilori, tirela tana kwana a hanya, sanyin kuma yana rataye ne a kan janareton da ke maƙale da kwantenar. Akwai lodin da ya isa tashar Rotadam ta Holan kwalayen bakin ƙofa sun yi tsiro, wasu sun yi farin gashi. Mai saye ya zare 'yar na'urar da muke sakawa cikin kaya tana rubuta zafi da sanyi, ya turo min abin da ta rubuta. Duk kwanakin teku layin miƙe yake. A hanyar mota kuwa, kowane dare sai ya hau, da asuba ya sauko. Na nemi direban. Bai yi musu ba, ya ce, "Alhaji, da dare ai garin da sanyi, kuma man da aka ba ni ba zai kai ba." Na ji ciwo ƙwarai, an rage min kuɗi mai yawa. Amma na yarda da rabin maganarsa: wanda ya ba shi motar ya auna mai ne kamar ba za a tsaya ko'ina ba. Yanzu ni nake sayen man janareto da kaina, har da na kwanakin layi a bakin tasha, kuma yarona yana bin motar, yana turo min hoton allon inji safe, rana da tsakar dare.

Tashar tsandauri da ke Kakuri, wadda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Janairun 2018, ta kawo mana kwastam har gida, kuma abin alheri ne ga ɗan kasuwar Arewa. Ni dai ƙa'idata, takardu su kammala kafin a kunna inji: rajistar hukumar bunƙasa fitar da kaya waje (NEPC), fom ɗin fitar da kaya na NXP ta banki, shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar duba lafiyar kayan gona (NAQS), da kuɗin duba kayan fitarwa na NESS, wato rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kaya. Sunaye da nauyin kaya su zo iri ɗaya a kowace takarda, domin kuskuren harafi guda yana iya sa jirgi ya tafi ya bar ka, kana biyan kuɗin wuta da na ajiya kullum. Ina kuma kai samfur ɗakin gwaji a duba ragowar maganin ƙwari. Abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015 ke nan, ba na so a ce citta ta bi sahu ta hannuna. Kuɗin kaya kuma doka ta ce su dawo gida cikin kwana 180.

Kafin in kama wuri a jirgi ina tambaya ko kai tsaye zai tafi, ko za a sauke kwantenar a Tanja ta Maroko ko Aljasiras ta Sifen a jira wani. Sauyin jirgi yana ƙara kwanaki, kuma a lokacin ne ake cire waya daga wuta.

Inshora kuwa a karanta ta layi-layi. Da yawa daga yarjejeniyoyin kayan sanyi ba sa biya sai injin ya lalace ya tsaya awa 24 a jere. Kashe janareto na 'yan awoyi kowane dare bai shiga ciki ba, shi ya sa asarar wancan lodin a kaina ta ƙare. Yanzu ba na sa hannu sai na ga an rubuta cewa kariyar ta fara daga rumbuna a Kaduna, kuma ta haɗa da sauyin zafi a hanyar mota.