Majinyacin da ya dawo karo na uku

Ina ɗalibar aikin jinya aka tura ni sashen masu fama da shaye-shaye, kuma raina bai so ba. A ganina su suka jawo wa kansu, alhali ga marasa lafiya na gaskiya can suna jiran gado.

Wani dattijo ne ya fara sauya mini tunani. Ya yi shekaru yana shan barasa, sai dare ɗaya ya rantse ya daina. A kwana na uku aka kawo shi, gumi sharkaf, hannuwa na karkarwa, yana ganin ƙwari suna bin bango. Likitar da ke koyar da mu ta ce wanda jikinsa ya saba da giya, in ya yanke ta farat ɗaya, jijjiga na iya kama shi har ya rasa ransa. Niyyar kirki ce ta kusa kai shi lahira!

Na koma littafi da sabon ido. Giya da ƙwaya suna sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin dofamin, mai sa mutum jin daɗi, fiye da kima. A kwana a tashi ta rage jin tasirinsa, sai mutum ya koma sha don kawai ya ji shi daidai, daɗin ya daɗe da tafiya. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki, shi ma ya raunana. Ashe tun 1956 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta amince cewa jarabar giya cuta ce.

Sanin haka bai hana ni kuskure ba. Da dattijon ya dawo karo na uku, na ce masa, "Haba Baba, ko kunya ba ka ji?" Ya sunkuyar da kai. Da na tambayi yawan abin da yake sha, sai ya faɗi rabi. Har yau abin yana damuna, domin da amsar nan ake ƙiyasta haɗarin jijjiga da maganin da za a tanada. Kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na masu jinyar jaraba kan koma ruwa, kusan yadda masu hawan jini da asma ke yi, kuma ban taɓa kunyata mai hawan jini don ya dawo ba.

Washegari na ba shi haƙuri, na sake tambayarsa a hankali. Ya faɗa mini gaskiyar adadin, likita ta gyara maganinsa.