Ɗigo 101 da mataccen kifi

Sai da na shafe wata bakwai ina manna wa mutane ƙananan ƙwallaye masu ƙyalli a ƙafa kafin na gane cewa wahalar aikin ba a ɗakin gwaji take ba. Bincikena na digiri na biyu a kan tafiya ne: yadda gwiwar waɗanda aka yi wa tiyatar jijiya ke lanƙwasawa idan aka kwatanta da ta masu lafiya. Rukuni biyu ne, kowanne mutum 12. Mutum zai sa gajeren wando, in lalubi ƙashin ƙugunsa da gefen gwiwa da idon sawu in manna ƙwallayen, sannan ya taka ya wuce, kyamarori suna ɗaukarsa sau 100 a daƙiƙa ɗaya. A tsakiyar ɗakin akwai faranti mai auna ƙarfin taku wanda aka saje da daɓe. Ba ma nuna wa kowa inda yake, domin da zarar mutum ya san akwai wurin da ake so ya taka, tafiyar ta tashi daga tasa. Wani sai ya kai ya komo sau ashirin kafin ƙafarsa ta sauka daidai.

Abin da ke fitowa daga wannan wahala layi ne, ba lamba ɗaya ba. Daga saukar diddige zuwa sake saukarsa shi ne zagayen taku guda, kuma al'adar fannin ita ce a miƙe shi daga kashi 0 zuwa kashi 100, wato ɗigo 101, don a iya jera mai sauri da mai nawa a kan ma'auni ɗaya. Wajen kashi 60 na farko ƙafa tana ƙasa, sauran tana sama. Layin gwiwa tudu biyu gare shi: ƙarami jim kaɗan bayan saukar diddige, digiri 15 zuwa 20, da babba lokacin da ƙafa ke lilo, wajen digiri 60.

Na zana matsakaicin layin kowane rukuni, na ɗora ɗaya kan ɗaya, na zuba musu ido. Sun rabu a kusa da ƙaramin tudun. Sai na ciro lambobin wannan wurin, na yi gwajin t, wato lissafin da ke kwatanta matsakaicin rukuni biyu, ƙimar p ta fito ƙasa da 0.05, iyakar da aka saba ɗauka a ce an gano bambanci. Daren nan har kan sashen tattaunawa na rubuta.

Da safe na kai wa malamin da ke duba aikina. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ɗora bakin alƙalami a kan wurin.

"Nan ɗin, yaushe ka zaɓe shi?"

"Ranka ya daɗe, nan ne tazarar ta fi fitowa."

"Na ji. Kafin ka zana layin ka zaɓa, ko bayan ka zana?"

Ban ce komai ba. Bai yi min faɗa ba, aiki ya ba ni. Ya ce in je in cakuɗa sunayen mutum 24 ɗin, in raba su gida biyu haka kawai ba tare da duba wanda aka yi wa tiyata ba, in nemo inda layukan suka fi rabuwa, in yi gwajina a nan. In maimaita sau dubu, in ƙirga sau nawa na "gano bambanci".

Ban yi barci sosai ba bayan na ga sakamakon. Rukunan da na haɗa da ka, waɗanda ba su da wata ma'ana, sun riƙa ba ni p ƙasa da 0.05 wajen sau ɗaya cikin uku. Wani lokaci a farkon taku, wani lokaci a lilo. Wurin yana sauyawa, amma da wuya a rasa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ni ne ban tsaya na yi tunaninsa ba. Alƙawarin 0.05 shi ne: idan babu bambanci na gaskiya, sau 5 cikin 100 kaɗai za ka ruɗu. Amma alƙawarin na gwaji ɗaya ne, wanda ka ambata tun ba ka ga bayanai ba. Ni kuwa da idona na yi gwaji 101, na ɗauki wanda ya fi kyau, na rubuta kamar shi kaɗai na yi. Da a ce ɗigon nan ba ruwan wani da wani, yiwuwar a samu ko ɗaya ya tsallake iyaka da sa'a kawai ta haura kashi 99. Abin da ya rage ta shi ne ɗigo na 14 da na 15 kusan abu ɗaya ne, gwiwa ba ta tsalle. Daga baya na karanta binciken da Todd Pataky da abokan aikinsa suka buga a 2016, inda suka lissafa wannan a kan bayanan tafiya da ƙarfi da siginar tsoka na ainihi: matsakaicin ruɗuwar ya kai 0.382, ba 0.05 ba. Sai na ji daɗi kaɗan cewa ba ni kaɗai ba ne, ko da yake wannan ba ya wanke kowa.

Maganin farko da ya zo min shi ne gyaran Bonferroni: raba 0.05 gida 101, iyaka ta koma kusan 0.0005. Da na yi haka komai ya mutu. Shi ma ba daidai ba ne, don yana hukunta ka kamar ka yi gwaji 101 masu zaman kansu, alhali layin sumul yake. Gaskiyar tana tsakani, kuma waɗanda suka fara auna tsakanin ba masu nazarin ƙafa ba ne.

Masu ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa sun riga mu shiga wannan rami, kuma nasu ya fi zurfi. Su ba ɗigo 101 suke da shi ba, dubun-dubatar ƙananan murabba'ai ne da ake kira voksel, kowanne da nasa gwajin. A farkon shekarun 1990 Karl Friston a Landan ya ɓullo da hanyar da ake kira SPM (Statistical Parametric Mapping, wato yin gwajin a kowane voksel a zana taswirar sakamakon) don hotunan ƙwaƙwalwa na PET, shi kuma Keith Worsley na Jami'ar McGill a Kanada ya kawo lissafin da ke faɗin tsawon tudun da hayaniya zalla, wato hawa da saukar da ke zuwa da sa'a kawai, ke iya tayarwa a fili mai santsi. Labarin da ya fi zama min a rai shi ne na kifi. Craig Bennett da abokansa sun sa mataccen kifin salmon a na'urar MRI, suka nuna masa hotunan mutane, suka "tambaye" shi halin da mutanen ke ciki. Da suka yi lissafi ba tare da gyara ba, voksel 16 cikin 8,064 suka haska. Da suka yi gyara, ko ɗaya babu. Sun nuna aikin a wani taro a 2009, ya kuma samu Ig Nobel, kyautar da ake ba binciken da ke sa dariya, a 2012. Na yi dariya da na karanta, sannan na tuna da ƙaramin tudun gwiwata, dariyar ta tsaya.

Pataky ne ya jawo hanyar SPM zuwa fanninmu, da farko a kan hotunan matsin tafin ƙafa, sannan a 2010 ya faɗaɗa ta, ya kuma rubuta manhajar spm1d da ke aiki a harsunan kwamfuta na Python da MATLAB. Yadda take aiki bai kai tsoron da sunan ke ba mutum ba. Ana yin gwajin t a kowane ɗigo, sai ƙimomin su ma su zama layi. Ana duba yadda kowane mutum ya kauce wa matsakaicin rukuninsa don a auna santsin bayanan. Daga santsin ake fitar da iyaka guda wadda kashi 5 kaɗai na layukan hayaniya masu irin wannan santsi za su taɓa, a ko'ina cikin zagayen. Layi mai yawan karkarwa kamar siginar tsoka iyakarsa ta fi tsawo, mai laushi kamar kusurwar gwiwa tasa ta fi sauƙi. Tambayar ta sauya daga "akwai bambanci a nan?" zuwa "akwai bambanci a wani wuri, kuma a ina?"

Ga mutum 24, iyakar gwajin t na yau da kullum 2.07 ce. Tawa ta SPM ta tashi zuwa wajen 3. Layina ya hau, ya kusanto, ya sauko bai taɓa ba.

A nan na yi kuskure na biyu, kuma wannan da saninsa na yi, in faɗi gaskiya. Kowane mutum ina da takunsa biyar masu kyau. Maimakon in haɗa su in fitar da matsakaici, sai na zuba su duka, kowane rukuni ya zama 60. Layin ya haye iyaka a wuri uku. Malam ko zama bai ce in yi ba. "Taku biyar na mutum ɗaya, mutum biyar ne?" Takun mutum suna kama da juna fiye da yadda suke kama da na wani, don haka ban ƙara shaida ba, maimaita ta na yi. Na koma na gyara.

Ban kuma ɗauki SPM a matsayin abin da ba ya kuskure ba. A 2016 Anders Eklund da Thomas Nichols da Hans Knutsson sun ɗauki hotunan ƙwaƙwalwar mutum 499 masu lafiya da ke kwance ba sa yin komai, suka gudanar da kwatancen rukuni kusan miliyan 3 da manyan manhajojin fannin. A hanyar da ke hukunci da girman gungun voksel, ruɗuwar ta kai har kashi 70 a wasu saituna, saboda hayaniyar ainihi ba ta bi siffar da lissafin ya ɗauka ba. Hanyar da ta tsaya daram ita ce ta cakuɗa sunaye, irin wadda Nichols da Andrew Holmes suka bayyana a 2002. Ashe aikin da Malam ya ba ni ranar farko ba horo ba ne, gwaji ne cikakke: ka cakuɗa sau dubu goma, ka ajiye t mafi tsawo na kowane zagaye, ka ga inda naka na gaskiya ya faɗa a cikinsu. Na yi shi a kan gwiwoyin, iyakar ta fito dab da ta SPM, amsar ba ta sauya ba.

Wani abu da nake ganin masu zumuɗin hanyar suna mantawa: idan tun farko kana da dalilin zargin ƙaramin tudun, ka rubuta haka kafin ka taɓa mutum na farko, to gwajin t ɗaya a wurin halal ne, ya ma fi SPM ƙarfin gani. Laifina ba ɗaukar ɗigo ɗaya ba ne, lokacin da na ɗauke shi ne. A kundin na rubuta cewa ban samu bambanci ba, na nuna inda layin ya kusanto iyaka a matsayin abin da ya cancanci a gwada da sababbin mutane.

Akwai wadda har yanzu take damuna. Wata mata cikin waɗanda aka yi wa tiyata tana tafiya a hankali, yatsunta ba sa barin ƙasa sai wajen kashi 66. A ɗigo na 63 lissafin yana kwatanta ƙafarta da ke ƙasa da ƙafafun da suka riga suka tashi, ya kira abin bambancin kusurwa, alhali bambancin lokaci ne. Na gwada raba zagayen gida biyu, tsayuwa daban lilo daban, kowanne da nasa ɗigo 101. Layukan sun daidaita tsaf, amma jinkirin nata, wanda shi ne abin da likitanta zai fi son sani, ya ɓace daga zanen. Dole na ciro shi na ba shi teburinsa daban.