Ziyarar Jirgin da Ya Shekara 18 Ba Shi da Suna

Da hantsi na hau jirgin ƙasa a tashar Waterloo ta Landan, kafin azahar kuma na sauka a bakin ruwan Portsmouth, inda rundunar sojan ruwan Birtaniya ta daɗe tana ajiye jiragenta. Yawancin waɗanda muka sauka tare sun nufi manyan jiragen tarihi irin su Victory da Warrior, ni kuwa jirgin fito na shiga, ya tsallakar da ni zuwa Gosport cikin 'yan mintoci, domin abin da ya kawo ni ƙaramin jirgin yaƙi ne na katako mai suna Medusa, wanda tsawonsa bai wuce ƙafa 72 ba.

Da lambarsa na gane shi, 1387, rubuce a gefen goshinsa. An ƙera shi a garin Poole a shekarar 1943, yana cikin ɗaruruwan ƙananan jirage masu inji da aka yi domin gadin mashigar tashoshin ruwa, kada jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa su kutso. Irinsu ba a raɗa musu suna a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai dai a ba su haruffan da ke nuna aikinsu, a biyo da lamba. Duk da haka, a watan Yuni na 1944 wannan jirgi ya rigayi rundunar ƙawance isa kusa da gaɓar tekun Faransa da aka laƙaba wa suna Omaha, ya tsaya a bakin hanyar da aka share ta cikin nakiyoyin teku, yana zama alama ga jiragen da ke ɗauke da sojojin Amurka. Na daɗe ina kallon ƙanƙantarsa, ina tunanin samarin da suka kwana a cikinsa igiyar ruwa tana wujijjiga su, alhali sun san dubban rayuka sun dogara da kada su gusa daga wurin.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda lambar ta yi ta sauyawa. Bayan yaƙi aka mai da shi FDB 76, daga baya ya zama SDML 3516, sai a 1961, yana aikin auna zurfin teku, aka sa masa suna Medusa tare da lamba A353. Wanda ya tsinci tsohon hoto mai ɗauke da ɗaya daga cikin lambobin nan zai iya ɗauka jirgi ne dabam. A ganina masu kula da shi sun kyauta da suka mayar masa da lambarsa ta fari, wadda ya je Faransa da ita.

La'asar ta yi sanyi lokacin da na koma bakin fito. Daga tsakiyar ruwa na waiwaya, amma jiragen shaƙatawa da ke ɗaure a kewayensa sun riga sun rufe shi.