Kumburin da ya ƙi jin magani bayan haihuwa

Ƙanwata ta haihu lafiya, an yi suna, amma tun kafin ta yi arba'in ƙafafunta suka soma kumbura. Kowa ya ce ai jego ne. Da haki ya hana ta barci sai a zaune, muka kai ta asibiti aka yi mata hoton zuciya. Likita ya ce zuciyar ta buɗe ta yi rauni, ba ta iya harba jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a jiki. Aka ɗora ta a kan magunguna, ciki har da Lasix, ƙwayar nan mai sa fitsari. Ni kuwa na tattaro na koma gidanta jinya.

Da farko jikin ya saɓe, muka yi hamdala. Daga baya sai fitsarin ya ragu alhali ba ta fashin magani. Kumburin ya haura cinya ya kai ciki. In ka danna ƙwaurinta da yatsa, ramin sai ya daɗe bai ciko ba, fatar ta yi sheƙi har ruwa na tsattsafowa. Masu dubiya kowa da shawararsa: wannan ta ce a ninka ƙwayar, waccan ta ce a kira wanzami ya yi tsaga. Na ba su haƙuri, muka koma asibiti.

A nan na ji abin da ban taɓa sani ba. Likitan ya ce ba ƙafa kaɗai ke kumbura ba, hanji ma yana kumbura, kuma in ya kumbura, ƙwayar da aka haɗiya ba ta shiga jini sosai. Aka kwantar da ita, aka koma ba ta maganin ta jijiya, aka haɗa mata da wani maganin fitsarin mai suna spironolactone, ana ɗibar jininta a kai a kai don duba ƙoda da sinadarin fotashiyam. Ganin wannan gwaje-gwajen ya sa na gode Allah da ba mu ninka a gida ba, domin maganin fitsari in ya yi yawa yana iya taɓa ƙoda, ya rikita bugun zuciya.

Sai kuma ya tambaye mu me take ci, me take sha. Na lissafa masa: kunun kanwa safe da yamma, farfesu mai yaji da magi, ga diclofenac da ake saya mata a kemis saboda ciwon baya. Ya girgiza kai. Kanwa da gishiri ɗanjuma ne da ɗanjummai, sinadarin sodiyam ɗin da ke riƙe ruwa a jiki yana cikin kowannensu, haka ma dunƙulen magi. Diclofenac da ibuprofen kuwa suna hana ƙoda fitar da gishiri, su kashe wa maganin fitsari ƙarfi. Ashe muna kwarfe ruwa ta gaba, ana ɗura shi ta baya.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi nazari a kansa a Zariya, suka alaƙanta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya ya fi karkata ga ƙarancin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam. Ko ma mene ne asalinsa, wadda zuciyarta ta riga ta raunana dole ta guji kanwa.

Shawo kan Inna ne ya fi ba ni wuya, kuma ban ga laifinta ba, da kunun nan ta yi jegonmu duka. Ta ce, "To da me za ta samu ruwan nono?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, a dama mata na gyaɗa ko na tsamiya, kanwar kawai likita ya hana." Ta yi shiru, washegari da kanta ta dama na gyaɗar. Miya kuma na ware mata tukunya, na rage gishiri sosai, na ƙara albasa da citta da tafarnuwa da daddawa.

Ruwan sha aka ƙayyade mata lita ɗaya da rabi a yini, wato ledar fiya wata uku, har da kunu da shayi a lissafin. A zafin Kano wannan jarrabawa ce, sai ta riƙa tsotsar gutsuren ƙanƙara. Muka sayi sikeli, kullum da safe bayan ta yi fitsari ta hau in rubuta. Aka ce in ta ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, mu dawo kada mu jira ranar ganin likita. Sikelin yana ganin ruwan tun ido bai gan shi ba. In tana zaune mu ɗora ƙafafun a kan kujera, inda fata ta fashe a wanke a rufe da bandeji mai tsabta.

Yanzu tana tafiya har kasuwa, tana kan magungunanta. Kafin a sallame ta likita ya kira mijinta ya gaya masa cewa sake ɗaukar ciki kafin zuciyar ta warware yana iya zama ajalinta, suka amince da tazarar haihuwa. Wata mai zuwa za a sake yi mata hoton zuciya.